CIWON ASMA A RUGA: YADDA AKE GANE SHI DA YADDA AKE AUNA NUMFASHI

Jawabin da sakataren reshe ya yi a gaban wakilan rugage a taronmu na ƙarshen kaka

  

Mun saba idan muka taru irin haka, maganar burtali muke yi, da ta rijiya, da ta tarar ɓarnar gona. Duk suna nan, za mu zo kansu bayan azahar. Amma kwamiti ya ce a fara da maganar ƙirji, domin hunturu ya ƙarato, kuma kowa a nan ya san abin da hazo yake yi wa wasu daga cikinmu. Mu ba lokotoro ba ne. Mun zauna da ma'aikatan lafiya, mun yi ta tambaya har suka gaji da mu, abin da muka ɗauko shi muka kawo muku da harshen da muke ji.

Asma ciwo ne na hanyoyin iska da ke cikin huhu. Wanda ya taɓa feɗe akuya ya ga yadda maƙogwaro ya rabu biyu, kowane ya sake rarrabuwa kamar rassan itaciya har suka zama sirara. A jikin mai asma, cikin waɗannan rassa a kumbure yake. Da zarar ƙura ko hayaƙi ko sanyi ko mura ta taɓa su, sai naman da ya kewaye su ya tsuke, majina ta taru, iska ta rasa wurin wucewa. Shi ne za ka ji ƙirjin mutum yana fito kamar kukan kyanwa, yana tari, yana cewa kamar an ɗaure masa ƙirji da igiya. Ya fi tsananta da dare da kuma asuba. Babbar alamarsa ita ce zuwa da tafiya: yau yaro ba ya iya kwanciya sai a zaune, jibi yana tsere da maruƙa kamar ba shi ba.

Wannan zuwa da tafiya shi ya sa ake cewa iska ce, ko sammu. Shi ya sa kuma ake sakaci, a ce ai ya warke. Bai warke ba, kwantawa ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya, kuma 455,000 suka mutu da ita a wannan shekara, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Ba don asmar tamu ta fi ta Turawa tsanani ba ne. Rashin ganewa ne da rashin magani. Kuma a ji wannan da kyau: asma ba a ɗaukarta. Ana iya gadonta a dangi, amma cin tuwo ko shan fura a ƙwarya ɗaya ba ya ba wa kowa. Yarinyar da ke da asma ba ta da wani aibu da zai hana ta aure.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce, mu duk abin da ya kama ƙirji sunansa ɗaya, fuka. Alhali abubuwa ne daban-daban, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan. Makiyayi ba ya haɗa ciwon huhu na shanu da tarin da saniya take yi don ta shaƙi ƙurar dusa. Haka ya kamata mu rarrabe na mutane.

Mutumin da ya yi sati biyu ko fiye yana tari, da zazzaɓi, da gumin dare, yana ramewa, wani lokaci da jini a kaki, wannan tarin fuka ake zargi, kuma shi ana ɗaukarsa. Sai an kai kakinsa an auna. Maganinsa wata shida ne, kuma kyauta ne a ƙasar nan. Mu makiyaya muna da ƙarin dalilin tsoronsa, tunda akwai irin da ake samu daga ɗanyar madarar saniya mai ciwon. A tafasa madara. Ƙaramin yaro kuma da ke da zazzaɓi da tari yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na faɗawa ciki, wannan sau da yawa limoniya ce. Ma'aikatan lafiya suna ƙirga numfashin minti ɗaya: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa wata 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa. Macen da ta haihu kwanan nan, numfashi yana sarƙe mata, ƙafafu sun kumbura, ita zuciyarta za a duba. Haka tsoho mai kumburin ƙafa. Akwai kuma tsofaffin da suka sha taba shekara da shekaru, ko iyayenmu da suka tsufa a bakin murhu cikin bukka, nasu numfashin kullum a taƙure yake, ba ya sakin su gaba ɗaya. Shi ma ciwo ne daban, ko da yake ya yi kama.

Saboda haka ba mai tallar magani a kasuwa ne zai gaya maka kana da asma ba. Sai an tambaya, an saurara, an auna.

Tambayar ita ce rabin aikin. Majo ko lokotoro zai so ya ji yaushe abin yake tashi, me ke tayar da shi, ko yana tashin mutum daga barci, ko akwai mai irinsa a dangi, ko akwai yawan atishawa da ƙaiƙayin fata. Mu kuma halinmu, idan muka shiga likita sai kunya ta kama mu, a tambaye mu mu ce da sauƙi. Wannan kunyar tana da kyau a gaban suruki, amma a gaban lokotoro cuta ce. A faɗi komai. Idan yaro ne, a tafi da uwarsa, domin ita ce ba ta barci idan yana tari. Mai wayar da ke ɗaukar murya ya ɗauki kukan ƙirjin da dare ya kai wa majo, tunda sau da yawa kafin a isa likita da rana abin ya lafa, a saurari ƙirji a ji shi garau.

Sai awo. Akwai babban injin awon huhu, wanda wani likita a Ingila mai suna John Hutchinson ya fito da asalinsa tun 1846. Mutum zai cika ƙirji ya busa iya ƙarfinsa har iska ta ƙare, injin ya nuna yawan iskar da ta fita a daƙiƙar farko. Sai a ba shi maganin shaƙa mai buɗe hanyar iska, a jira minti 10 zuwa 15, ya sake busawa. Idan iskar ta ƙaru da kashi 12 cikin 100, kuma ƙarin ya kai mililita 200, to hanyar a tsuke take magani ya buɗe ta, wannan kuwa halin asma ne. Sai dai wannan inji na manyan asibitocin birni ne. Mutumin da ke bin garke tsakanin Bermo da Abalak ba zai gan shi a hanya ba.

Wanda ya dace da mu shi ne ƙaramin, kuma a kansa muke so mu daɗe. Wani ɗan bututu ne na roba, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, da lambobi a jikinsa da wata ƴar kibiya mai zamewa. Mu mun sa masa suna ma'aunin busa. Wani Bature ɗan Ingila, Martin Wright, shi ya ƙirƙiro asalinsa, aka bayyana shi a 1959. Ba ya cin batir, ba ya son wutar lantarki, yana shiga aljihun riga. Abin da yake aunawa shi ne saurin iskar da mutum ya fitar a busa ɗaya. Idan hanya a buɗe take, kibiya ta yi nisa. Idan ta tsuke, ta tsaya kusa.

Ga yadda ake yi. Ka miƙe tsaye, ka mayar da kibiya ƙasa. Ka riƙe shi a kwance, yatsunka kada su tare kibiyar. Ka ja numfashi har ƙirji ya cika, ka rufe leɓɓa a bakin bututun, harshe kada ya toshe ramin, sai ka busa sau ɗaya da ƙarfi da sauri, kamar mai kashe fitila daga nesa. Ba doguwar busa irin ta hura wuta ba. Ka duba lambar, ka mayar da kibiya, ka sake har sau uku. Wadda ta fi girma a cikin ukun ita ake rubutawa. Ana yi da safe da an tashi kafin a shaƙi magani, a kuma yi da yamma.

Da wannan ɗan abu majo zai iya gwajin da muka faɗa ɗazu. A ce mutum ya zo ƙirjinsa na fito, ya busa 300. An ba shi maganin shaƙa, bayan minti 15 ya busa 380. Ƙarin da ake nema kashi 20 cikin 100 ne, wato daga 300 ya kai 360. Ya wuce, saboda haka alama ta nuna asma. Hanya ta biyu ita ce a ba mutum ma'aunin ya tafi da shi ruga sati biyu, yana busawa safe da yamma. Mai lafiya lambarsa ba ta cika motsi ba. Mai asma kuwa, da safe 350, da yamma 450. Tsakaninsu 100 ke nan, a kan matsakaicin 400, wato kashi 25 cikin 100. Idan aka haɗa kwanakin aka ga bambancin ya wuce kashi 10 ga babba, ko kashi 13 ga yaro, shi ma shaida ne. Amma awo ɗaya da ya fito lafiya bai wanke mutum ba, domin mun ce ciwon zuwa yake ya tafi. Idan alamu suna nan, a sake awon ranar da ya tashi. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 ba su iya busa yadda ake so. Su ana bin labarin uwa ne, a gwada su da magani wata biyu zuwa uku a ga ko sun samu sauƙi.

Wani zai ce, mu da ba mu yi lakkal ba, yaya za mu yi da lambobi? Ƴan'uwa, wanda ya san kuɗin bijimi a kasuwar Dakoro, ya san lambar wayar dillalinsa da ka, ba lamba uku ce za ta gagare shi ba. Kuma akwai dabara. Bayan an fara magani mutum ya samu kansa, sai ya yi sati biyu zuwa uku yana busawa. Lambar da ta fi kowacce girma ita ce tasa, da ita za a riƙa gwada sauran. Ba a gwada ta da ta wani, domin dogo da gajere, namiji da mace, yaro da tsoho, kowa da nasa huhun. A ce lambarka 500 ce. Majo zai yi maka alama biyu a jikin ma'aunin, ɗaya a kan 400, wato kashi 80 cikin 100, ɗaya a kan 250, wato rabi. Sama da 400 a shafa kore: lafiya, ci gaba da maganinka. Tsakanin 400 da 250 a shafa rawaya: ciwon yana tasowa, ka bi abin da majo ya tsara maka, kada ka yi nisa da likita. Ƙasa da 250 ja ne: shaƙi magani nan take, a nemi babur ko amalanke. Ko tsohuwar da ba ta san bihim ba ta san ja da kore.

Amfanin wannan ga mai tafiya babba ne. Sau da yawa lamba tana fara sauka kafin mutum ya ji a jikinsa, musamman wanda ya daɗe da ciwon har ya saba da ƙuncin yana ganin haka kowa yake numfashi. Idan za a tashi daga mashekari a shiga dajin da ba likita kwana uku, sai aka ga kibiyar yaro tana cikin rawaya kwana biyu a jere, to a bar shi da uwarsa kusa da gari, ko a jinkirta tashin. Shawara ce irin wadda muke yankewa kullum a kan saniyar da ta kusa haihuwa.

Ma'aunin yana kuma tona abin da ke tayar da ciwon. A riƙa sa alama a gefen lamba: yau an yi hazo, yau na sauke harawa, yau mun kwana da wuta a bukka, yau an fesa maganin kaska. Ƙurar hunturu da ke rufe mu, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta, ba mai iya tare ta, sai dai a rufe hanci da rawani ko mayafi. Amma hayaƙin itace da na kashin shanu a cikin bukka, da turaren wuta, da maganin sauro na ƙonawa, da taba, waɗannan a hannunmu suke. Wasu masu asma kuma ƙwayar asfirin da ibuprofen na tayar musu da ita, su faɗa wa duk wanda zai ba su magani.

Bari mu ɗan ratse a nan. Akwai masu cewa da sun ji makiyayi na da asma, ai dabbobi ne, ya rabu da su. Magana ce mai sauƙi ga mai albashi. Gaskiya ne gashin dabba da ƙurar garke suna tayar wa wasu. Amma binciken da aka yi a Jamus da Ostiriya da Suwizalan ya nuna yaran da suka tashi a gidajen gona cikin shanu sun fi ƴan gari ƙarancin asma. Saboda haka kada a yanke wa mutum hukunci da ka. A auna shi kwanakin da yake cikin garke, a auna shi kwanakin da ya yi nesa, lamba ta yi magana. Idan ta tabbata, a canza masa aiki a cikin kiwon, ya bar sharar garke da sauke ciyawa, ya koma shayarwa ko kasuwa.

Magani kashi biyu ne, kuma a nan mutane suke ruɗewa. Akwai mai buɗe hanya nan take, salbutamol, wanda aka fi sani da Ventoline, galibi shuɗi. Akwai kuma mai kashe kumburin, irin su beklometazon da budezonid, wanda ba a jin aikinsa nan take, sai an bi shi kamar yadda aka tsara ko da mutum yana jin lafiya, a kurkure baki bayan an shaƙa. Mutane sun fi son shuɗin domin yana ba da sauƙi a minti kaɗan. To tun 2019 masanan duniya a kan asma suka daina yarda a bar babba ko matashi da shuɗin kaɗai, saboda yana buɗe hanya ne ya bar kumburin yana ci. Gwangwani ɗaya feshi 200 ne. Wanda ke ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara, ciwonsa bai kwanta ba, kuma yana cikin haɗarin mummunan tashi. Ku ƙirga gwangwanayen da kuka zubar, shi ma awo ne. Mai juna biyu kada ta daina maganinta, rashin numfashi ya fi cutar da cikin. Su kuma ƙwayoyin nan na kasuwa irin deksametazon, da wasu ke sha wata da watanni don ƙirji, suna kumbura fuska, su kawo ciwon suga da hawan jini, su raunana ƙashi. Ba a shan su sai ƴan kwanakin da lokotoro ya rubuta.

Mafi yawan maganin shaƙa a baki yake tsayawa idan ba a iya ba. A birnin Kef na Afirka ta Kudu, wata likitar yara mai suna Heather Zar da abokan aikinta sun gwada gorar roba ta rabin lita a 1999, suka ga tana aiki kamar bututun da ake sayarwa don haka. Ana huda gindin gorar daidai bakin maganin, a cusa shi ya zauna daram. A girgiza, a fesa sau ɗaya a ciki, yaro ya kama bakin gorar ya yi numfashi sau biyar, sannan a sake. A wanke ta da sabulu a bar ta ta bushe da kanta. Majo ya nuna muku sau ɗaya a gabansa.

Idan ciwon ya tashi da ƙarfi, a zaunar da mutum, kada a kwantar da shi, kada a yi masa turare. A ba shi feshi 4 zuwa 10 na shuɗin ta gora, ɗaya bayan ɗaya, a sake bayan minti 20, har sau uku a awa ta farko, ana kan hanyar likita. Wanda ba ya iya ƙarasa magana, ko leɓɓansa sun canza launi, ko barci yana fizgarsa, ko kuma kukan ƙirjin ya yi tsit alhali yana fama, wannan ba sauƙi ya samu ba, iska ce ta daina shiga. Ko tsakar dare ne a tafi.

Ko babu ma'auni a hannu, kowane mai asma ya tambayi kansa a kan sati huɗun da suka wuce: ko ciwon ya dame shi da rana fiye da sau biyu a sati, ko ya tashe shi da dare, ko ya nemi shuɗin fiye da sau biyu a sati, ko ya hana shi aiki. Idan duk babu, ciwon a kwance yake. Idan uku ko huɗu sun samu, ya koma likita ba sai ranar da aka ba shi ta cika ba. Bayan fara magani ana komawa cikin wata ɗaya zuwa uku. A riƙe karne tare da takardun dabbobi, domin majon da zai gan ka a kudu ba shi ne ya gan ka a arewa ba. Ma'auni kuma na mutum ɗaya ne, ba a aron bakinsa saboda tarin fuka. Shi da gwangwanin magani kada a bar su a rana ko kusa da wuta.

Yanzu abin da ya shafi ƙungiya. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Mu a ganinmu, haƙƙin da in ka yi amfani da shi ɗanka zai rasa magani, bai cika ba. A ƙasar Cadi, tun daga shekarar 2000 an gwada tura masu allurar dabbobi tare da masu allurar yara da mata zuwa wurin makiyaya a mota ɗaya, aka kuwa samu yaran da da ba a taɓa samu ba. Abin da muke nema ke nan a nan: duk lokacin da malaman dabbobi za su fito rigakafi, ko lokacin taron gishiri na Ingal, a haɗa su da ma'aikacin lafiya mai ɗauke da ma'aunin busa da kwalaben ɗaukar kaki. Muna kuma neman kowace likita da ke bakin burtali da manyan rijiyoyi ta samu ma'auni da maganin shaƙa iri biyun, ba shuɗin kaɗai ba, tunda dukansu suna cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajibi ne a samu. Kuma a yarda a ba makiyayi maganin wata uku a lokaci ɗaya idan zai yi tafiya.

Hukuma ba ta jin kuka sai da lissafi. Saboda haka kowane wakili, idan ya koma, ya bi rugagensa ya ƙirga mutum nawa ke tashi da dare saboda tari ko fiton ƙirji, yara nawa, manya nawa, nawa ne aka taɓa aunawa. Ba ma son suna, yawa kawai. Matan kwamiti su za su tambayi mata. A kawo wa ofishin reshe kafin a gangara kudu, domin mu haɗa mu miƙa wa shugaban lafiya na gunduma da takardar buƙatunmu. Mun zo da ma'auni guda biyu da bakuna na kwali da ake canzawa. Mai son ganin yadda ake busawa ya same mu a ƙarƙashin rumfa bayan salla.